Takardar Koke Kan Turakun Wuta da Iskar Damina Ke Kayarwa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu gyaran wuta, masu walda, masu injin niƙa da masu unguwanni na ƙauyukan da ke gefen hanyar Jos zuwa Bauchi ne muka kawo kuka. Roƙonmu shi ne a bi layin wutarmu a gyara shi tun da rani, kafin guguwar farkon damina ta Afrilu da Mayu, kada a jira sai turke ya kwanta.

Ana ɗora wa iska laifi, amma turken da aka kafa daidai ba ya faɗuwa da sauƙi. Ƙa'ida ita ce a binne kashi ɗaya cikin shida na tsawonsa, wato mai mita 10 yana son ramin da ya zarce mita ɗaya da rabi, a cika da tsakuwa a daddaɓe. Ƙasarmu kuwa dutse ce. Mai haƙa yana cin karo da fa sai ya tsaya a rabin rami, ruwan farko ya jiƙa ƙasa, turke ya karkace. Na katako gara ta cinye gindinsu, idan aka ƙwanƙwasa da guduma sai a ji suna amo kamar ganga. Wayar da ke ɗaure turke da ƙasa a kowace kwana da ƙarshen layi, wani wurin ta tsinke, wani wurin an cire ta don tana tare garma.

Turke na karkacewa wayoyi ke saki. Iska ta haɗa su, tartsatsi ya tashi, fis ya ƙone. Nan ne ake babban kuskure, a ɗaura wayar tagulla a madadin fis don wuta ta dawo da wuri. Fis an yi shi ne ya ƙone domin taransifoma ta tsira. Idan ya ƙi ƙonewa, ita za ta ƙone. Haka na'urorin kare tsawa guda uku da ke kanta, ba su da amfani muddin ɓarayi sun yanke wayar da ke kai tsawar cikin ƙasa, kuma kowa ya san yadda aradu take a tudun Jos. Mafi muni shi ne tsinkewar wayar nutural, wato wayar da ke daidaita ƙarfin wutar da ke shiga gidaje: gidan da ke samun wuta mai ƙarfin bolt 230 sai ya sami kusan 400, firji da talabijin da cajar waya su ƙone lokaci guda.

Sai bishiyoyin turare da mangwaro da suka yi wa layi rumfa, alhali layukan babbar wuta na 11kV da 33kV, wato masu ƙarfin bolt 11,000 da 33,000, suna buƙatar filin mita 5.5 ta kowane gefe. Kwanon da aka buga da gajeriyar ƙusa, ba a ɗaure katakon rufi da bango ba, shi ma idan ya tashi kan waya yake sauka.

Wuta na ɗaukewa famfon burtsatse ke tsayawa, niƙa ta koma man dizal ta yi tsada. Allurar rigakafi a ɗakin shan magani ba ta jure zafin da ya wuce digiri 8, firji ya kwana biyu a mace sai a zubar da ita.

Ranka ya daɗe, muna roƙon ka rubuta wa kamfanin rarraba wuta da shugaban ƙaramar hukuma su turo injiniyoyi mu zagaya layin tare, turke bayan turke, a sa wa kowane mai rauni alama da jan fenti. A sa rana a kashe wuta daga tushe, mu kuma mu fito gayya da gatari mu sassare rassa. Ba za mu hau bishiya layi na da wuta ba. A ba mu lambar waya guda da za a ɗauka ko da tsakar dare. A daina kawo bil na kwanakin da ba a sha wuta ba, a kuma sauke mana karo-karon sayen taransifoma da turaku, tunda hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta sha bayyana cewa wannan nauyin kamfani ne. Ɗakin shan magani da burtsatse kuwa, a nema musu sola ta Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara.

Akwai abin da umarninka kaɗai zai wadatar. A yi shela a masallatai da coci-coci da kasuwa cewa duk wayar da ta faɗi a ɗauka tana da wuta, a nisance ta da mita 10, kada a taɓa ta ko da sanda, kada a kora dabbobi ta cikin ruwan da ta kwanta. Mai janareto kuma ya sa makunnin da ke raba gidansa da layi, domin in babu shi wutar janareton tana komawa kan turke ta sami mai gyara yana sama.

Muna jiran ranar da za ka ba mu mu zo fada da hotunan turakun. Allah ya ja zamaninka.

Mu ne naka,
Masu unguwanni da masu sana'a na ƙauyukan hanyar Bauchi, Jos