Zuwa ga ɗana, kan abin da ka ce in ɓoye

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna nan lafiya, an gama yankan gero, Innarka tana gaishe ka. Ƙanwarka ce ke rubutawa ina faɗa, da gangan, don ita ma ta ji.

Maganar da ka yi mini a waya ta hana ni barci. Ka ce in na zo bikin gama karatunku kada in nuna ni mutumin Damagaram ne, saboda abokan ɗakinka suna kiran ka "ɗan Nijar". Ban yi fushi ba, amma raina ya sosu.

A shekarar fari ta 1984 na shigo Maigatari da ƙafa, ina ɗan shekara goma sha biyar, ina kora shanu huɗu da suka rage wa kakanka. Haƙarƙarinsu a waje, ɗaya ma a hanya ta kwanta ba ta tashi ba. Ran Alhamis muka sayar da sauran a kara, kuɗin bai kai na saniya guda mai ƙiba ba. Mai unguwa ya ba mu aron gona, bai tambaye mu takarda ba. A garin nan na yi aure, a nan aka yanke maka cibiya. Kana ƙarami kana yi mini dariya in na ce "lakwal" maimakon makaranta. Har gobe bakin nan nawa ne, ba zan iya wanke shi saboda biki ba.

Batun doka kuwa, na tambayi masu ilimi tun kana goye. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Innarka 'yar ƙasar Gumel ce gaba da baya. Ba alfarma aka yi maka ba, don haka kada ka sunkuyar da kai gaban kowa.

Su masu tsokanar, ka tambaye su ina fadar Gumel take kafin 1845. A Tumbi take, Tumbi kuwa yau tana cikin Nijar. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna suka ja layi tsakanin wa da ƙani. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, ka ga yadda kasuwarmu ta yi sanyi, ka kuma ga goggonka ta biyo hanyar daji a kan babur don kawai ta zo sunan ɗan yayanka.

Najeriya ƙasarka ce. Ka yi zaɓe, ka yi hidimar ƙasa duk jihar da aka tura ka, ka nemi aiki ba tare da jin nauyi ba. Abin da ba na so shi ne ka sayi zama cikin mutane da musun kakarka, wadda kabarinta ke wani ƙauye kusa da Dungas, ba ka taɓa tsayawa kansa ba.

Zan zo bikin da rawanina, in aka tambaye ni zan faɗi gaskiya. In Allah ya kai mu babbar Sallah, ka zo da wuri mu tsallaka tare ka yi mata addu'a. Baffanka ya ce zai tarye mu a tasha.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.