Ku zo mana a watan Afrilu, ba ranar dashe ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, na rubuto ne daga Marwa da ke arewacin Kamaru a kan shirin da kuka gabatar kwanan baya game da matasan da suka gama karatu suka rungumi aikin sa-kai. Na saurara tun daga farko har ƙarshe a shagon wani tela maƙwabcinmu, kuma na ji daɗi da aka tuna da mu. Sai dai akwai gefen da shirin bai taɓo ba, shi ne ya hana ni yin shiru.

Ni ɗaya ne daga cikin matasan nan. Na karanta aikin gona da kula da muhalli a Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, ta rage wa iyayenmu wahalar tura 'ya'yansu har Ngaundere ko Yawunde. Da na gama, na haɗa takardu na kai duk inda aka ce ana ɗaukar ma'aikata. Tambayar ɗaya ce ko'ina: shekara nawa ka yi kana aiki? Wanda bai taɓa samun aikin ba, ina zai samo shekarun? Shi ya sa da wata ƙungiya ta nemi masu taya ta dashen itatuwa a wani ƙauye da ke kan hanyar Mokolo, na ba da sunana ba tare da wani dogon tunani ba. Na ce ko banza zan yi amfani da abin da na karanta, kuma ƙasarmu tana bukata.

Bukatar kuwa ba sai an gaya wa kowa ba. Damina a nan ba ta wuce wata huɗu, sauran shekarar rani ne. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, yau ɗan abin da ya rage ne makiyayi da masunci da manomi ke rububi a kai. Idan ruwan ya tashi zuwa kuma sai ya zo da ɓarna, kamar yadda mutanen Yagwa da Kuseri suka gani a ambaliyar 2024. Gwamnati ta farfaɗo da shirinta na dashen itatuwa, wato Sahel Vert, a 2008, Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti a 2007. Duk wanda ya taɓa tafiya a ƙafa da tsakar rana a titunan Marwa ya san darajar inuwar darbejiyar da magabata suka dasa mana.

Ranar dashe, a watan Yuli, biki ne. Motoci suka zo, aka kafa rumfa, aka raba riguna da huluna, manya suka durƙusa kowa ya dasa guda aka ɗauki hoto. Kafin la'asar kowa ya watse. A takarda an rubuta adadin da aka dasa, an aika wa masu ba da kuɗi.

Aikin gaske sai bayan ɗaukewar ruwa. Daga Maris zuwa Afrilu zafi yana haura digiri 40, mayo, wato kogi, ya bushe ƙarƙaf, sai an tona yashi kafin a ga ruwa yana tsattsafowa. Mu ƙalilan da muka rage mukan fita da asuba da jarkoki a kan amalanke, mu jira mata su gama ɗibar na sha, sannan mu ɗebi abin da ya saura. Mu sari ƙaya mu kewaye kowane dashe, washegari mu tarar awaki sun ture ta sun cinye ganyen. Wani dashen kuma gara ce ke cin sa ta ƙasa, kana gani kamar lafiya, ka taɓa ya faɗi. Kuɗin man mashin daga aljihunmu yake fita, an ce mana kasafin ya ƙare ranar biki. Abokaina suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Wani ya koma haya da mashin, wata ta koma sayar da albasa tare da mahaifiyarta.

Akwai wata tsohuwa a bakin ƙauyen da muka ba ta dashen mangwaro guda ɗaya, ta dasa a tsakar gidanta. Wata rana ta gan ni ina tura amalanke, gumi ya jiƙa min riga, ta ce, "Ɗana, zo ka sha ruwa, ka ga naka da nawa." Na shiga. Mangwaron ya kai min ƙugu, ganyensa kore shar, ta kewaye shi da tsohon kwando. Na ce, "Inna, da wane ruwan kike ba shi?" Ta nuna min butarta. A gindinsa take alwala sau biyar a rana, ruwan wankin hatsi ma nan take juyewa. Na fito na dubi filin da muka dasa a fili, ba mai shi, mafi yawansa ya zama kara. Daga ranar na fara zagaya gida-gida, na ga kusan duk dashen da aka ba mutum a hannu, ya san nasa ne, yana raye. Na rubuta wannan na kai ofis. Ba wanda ya neme ni a kai, kuma da damina ta kewayo a filin Allah aka sake dasawa.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan, fiye da maganar kuɗi. Matasan da ke cikin rana su suka san abin da ke rayuwa da abin da ke mutuwa. Su ke jin Fulatanci da Hausa da Mafa da Larabcin Shuwa, su ne tsohuwa za ta kira cikin gida. Amma idan an buɗe gurbin aiki mai albashi, sai a ɗauko wani daga nesa wanda sai an yi masa tafinta, mu kuma a ce mu raka shi. Ana iya yin abin da kyau idan an so. A sansanin Minawao, da aka buɗe a 2013 domin 'yan gudun hijira daga Nijeriya, an dasa dubban itatuwa sun kama, domin an sa mazauna wurin cikin aikin reno da ban ruwa, ba dashe kaɗai ba.

Mahaifina ne ya sa na fahimci inda gizo ke saƙa. Na taɓa ce masa abin da muke yi kamar gayya ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na ji gayya ce. To yaushe za a zo taka gonar?" A gayyar da ya sani, mai gona yana ciyar da waɗanda suka zo, ana dama kunu ko fura, kuma gobe shi ma zai ɗauki fartanya ya je ta wani. Ba a biyan lada, amma ba wanda ke komawa gida da yunwa, ba kuma wanda ake mantawa. Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Ba albashi nake nema wa mai sa-kai ba, don in an biya ya tashi daga sa-kai. Amma kuɗin mai da abincin rana ba alfarma ba ne. Takardar shaida mai hatimi, wadda ta faɗi abin da mutum ya yi da tsawon lokacin da ya yi, ita ma haƙƙi ce, kuma ya kamata masu ɗaukar ma'aikata su lissafa ta cikin shekarun aikin da suke tambaya. Ni shekara biyu na yi, abin da na fito da shi riga ce da hula. Kamaru ta yi dokar tsara aikin sa-kai a 2021, amma a cikin waɗanda muka yi aiki tare ba wanda aka taɓa karanta wa ita. Da za ku gayyato masanin doka ya fassara mana ita da Hausa a shirinku, da kun yi wa dubban matasa gata.

Roƙona na ƙarshe gare ku ne, ku 'yan jarida. Ranar 5 ga Disamba, ranar masu aikin sa-kai ta duniya, za a sake kiran ku taro, haka ma ranar dashe. Ku je, ba laifi. Amma ku aiko wakilinku a watan Afrilu, ya tambayi guda nawa suka rayu, wa ya ba su ruwa, da me aka sallame shi. In ya iso Marwa ya neme ni ta hannunku, zan ɗauke shi a mashin mu je ƙauyen, ya ga filin, ya kuma gaisa da Inna. Bana mangwaronta ya wuce tsawon katanga.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
wani matashi mai aikin sa-kai, Marwa