Wayar da ba ta cikin taswira

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya kan haɗurran jiragen soja a lokacin atisaye. Baƙonku ya ce idan jirgi ya ci karo da waya, ƙaddara ce kawai. Na yarda da ƙaddara, amma a nan ban yarda da shi ba.

Shekara ashirin da biyu na yi ina hawa turakun babban layin wuta kafin na yi ritaya. Wayar da ta fi haɗari ita ce siririyar can ƙololuwa, mai tare tsawa. Kaurinta bai wuce yatsa ba. Ranar da hazo ya sauka, ni da nake rataye a jikin turken sai na ƙyafta ido kafin in ga inda ta nufa, balle matuƙin da ke tafe kamar harsashi. Shi ya sa ake rataya mata ƙwallaye ja da fari, a kuma sa ta a taswirar matuƙa. Duk aikin mutum ne, kuma mutum kan yi sakaci.

Ku tuna Cavalese a ƙasar Italiya, 3 ga Fabrairu 1998. Jirgin sojan Amurka samfurin EA-6B ya tashi atisaye daga sansanin Aviano, ya kutsa kwari yana gudun kusan kilomita 870 a awa, kimanin mita 100 daga ƙasa, alhali ƙa'ida ta ce kada a sauko ƙasa da mita 600. Fiffikensa ya datse igiyar ƙarfen da ke ɗauke da keken sama, wato akwatin fasinja mai tafiya a rataye, na masu hawa dutsen Cermis. Mutum 20 suka mutu, jirgin kuwa ya koma sansani. Igiyar ba ta cikin taswirar da aka ba matuƙan.

A 1999 kotun soja a Amurka ta wanke matuƙin, Kyaftin Richard Ashby, daga laifin kisa. Abin da ya sa aka yanke masa hukuncin ɗaurin wata shida shi ne ɓatar da kaset ɗin bidiyon tafiyar. Har yau abin na ci mini tuwo a ƙwarya.

Don Allah in za ku sake shirin, ku gayyato injiniyan layin wuta ya zauna kusa da matuƙin. Ku tambaye su wa ke sanar da wa idan an ja sabon layi, kuma wata nawa ake ɗauka kafin ya shiga taswira.

Naku mai sauraro,
tsohon ma'aikacin layin wuta, Kaduna