Bayanin Kwamitin Masallaci Kan Gyaran Wutar Lantarki

Assalamu alaikum. Tun bayan sallar Juma'ar da ta wuce ake tare mu ana tambayar ina kuɗin gyaran wuta suka tafi, tunda ba a ga sabuwar fanka ko ƙwai ba. Wani ma cewa ya yi mun binne kuɗin jama'a a ƙasa. Bai yi ƙarya ba, a ƙasan suke, ga dalili.

Kowa ya san makirufo yana jan ladan, famfon alwala ma yana jan yara in an kunna samo, wato injin jawo ruwa. Mun sauya babban akwatin kashe wuta da na juyawa zuwa janareta, wannan bai ɗau kwana biyu ba.

Matsalar ta fito ne da mai gyara ya bi wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta zubo cikin ƙasa, daga akwatin zuwa waje. Ashe siririyar wayar alminiyam ce aka murɗa da hannu a kan guntun rodi, tsatsa ta cinye mahaɗin har ya rabu. Wato shekara da shekaru in wuta mai ƙarfin bolt 230 ta zubo jikin ƙarfe, ba ta da hanyar shiga ƙasa sai ta jikin wanda ya taɓa. Allah ne kawai ya tsare.

An yi mana ƙorafi kan sayen wayar jan ƙarfe mai kauri murabba'in milimita 16, mai launin kore da rawaya, alhali ta alminiyam ta fi araha. Alminiyam in ya haɗu da jan ƙarfe a wuri mai laima cin kansa yake yi, da mun koma gidan jiya. Shi ya sa muka sa maɗaurin tagulla mai noti, aka gina masa ɗan rami da murfi domin a riƙa dubawa.

Asarar da muka yi, mun amsa ta. Sandar ƙarfe ta farko da ake ɗaura wa wayar ƙasa an kafa ta a gabas, inda ƙasa ta bushe ƙamas, da aka auna sai na'ura ta nuna ba ta yi ba. Dole aka sake haƙa kusa da magudanar alwala, aka ƙara sanda, aka ƙara tsawon waya, aka biya leburori sau biyu. Wasu sun ce a zuba gishiri a huta. Mun ƙi, don gishiri yana cin ƙarfe. Rasit duk suna wurin ma'aji.

Muna godiya ta musamman ga Alhajin da ya ɗauki nauyin wayar ya ce a sakaya sunansa, da iyayenmu mata na Islamiyya, da matasan da suka yi haƙa cikin rana. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Saura ƙarfen kare tsawa a kan hasumiya, da makashi mai yanke wuta da kansa a layin samo. Damina na tafe, asusu kuma ya kusa ƙarewa. Mai niyya ya samu ma'aji bayan sallar Isha'i.