Takardar Koke Ga Mai Martaba Sarkin Dutse Kan Filin Jirgin Samanmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Dutse, Alhaji Hamim Nuhu Sanusi.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu talakawanka ne, 'yan kasuwar riɗi da zoɓo, malaman makaranta, direbobin haya da iyayen ɗalibai. Mun kawo kukanmu fada ne kan filin jirgin saman Dutse, wanda tun 2023 yake ɗauke da sunan mahaifinka, marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, Allah ya jiƙansa.

Ranka ya daɗe, da aka buɗe filin nan a 2014, zamanin Gwamna Sule Lamido, mun ɗauka mun yi ban kwana da zaryar Kano. To, lokacin aikin Hajji dai filin yana cika ya batse, alhazanmu su tashi daga gida, dangi su raka su har bakin ƙofa. Da an gama jigila sai wurin ya yi tsit. Jirgin fasinja na Abuja kuwa yau a ce ya fara zuwa, gobe a ji ya ɗauke ƙafa, ba wanda zai ƙulla alkawarin ciniki ko ganin likita yana dogara da shi.

Wanda tafiyar Abuja ta kama shi yakan bar Dutse da an idar da sallar asuba, ya bi Kwanar Huguma, ya haye gadar Wudil. In ranar Juma'a ce, kasuwa na ci, sai ya yi ta duba agogo a bayan motocin shanu. Kafin ya ratsa cunkoson Kano ya kai filin Malam Aminu Kano, ya kashe kuɗin mota, wani sa'in har da na masauki. Ɗaya daga cikinmu ya taɓa kai mahaifiyarsa mai ciwon ƙoda ta wannan hanya. Suna isa aka ce an rufe karɓar fasinja, tikiti ya tafi a banza, tsohuwa ta kwana a ɗakin wani ɗan uwa. Duk wannan, ga fili a bayan gidanmu.

Mun san abin da kamfanoni ke cewa: babu fasinja, man jirgi ya yi tsada. Ba ƙarya suka yi ba, amma fasinjan yana nan, a Kano ake ƙirga shi. Mutanen Kazaure dai Kano ta fi musu kusa, ba ma ja. Amma na Birnin Kudu, Kiyawa, Jahun da Gwaram fa? Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da baƙinta, ga ma'aikatan gwamnati da ke hanyar Abuja kusan kullum.

Ba ƙaton jirgi muke roƙo ba. Ƙaramin jirgi mai farfela, mai kujeru 50 zuwa 70, ya fi ƙarancin shan mai a gajeriyar tafiya, kuma ya fi sauƙin cika. Ko sau uku ne a mako ya ishe mu, in dai ranakun tsayayyu ne, kuma akwai tikiti mai rangwame ga wanda ya saya da wuri. Idan gwamnatin jiha ta umarci jami'anta su riƙa tashi daga Dutse, kujerun da za su cike kaɗai sun isa su kwantar wa kamfani hankali. Sai kuma a tanadi motocin haya masu tsayayyen farashi tsakanin filin da cikin gari.

Muna roƙon Mai Martaba ya isar da wannan koke ga Gwamna Malam Umar Namadi da sauran sarakunan Jigawa huɗu, ya kuma ba wakilanmu rana su zo fada su yi bayani baki da baki.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Daga talakawanka na Dutse da kewaye.