Allah bai ƙwace alƙalami a hannun Bulus ba

Ranka ya daɗe Edita, barka da aiki, ina gaishe ka da duk ma'aikatan gidan.

A shirinku na ranar Lahadi wani ɗan'uwa ya bugo waya yana cewa tunda Allah ya riga ya san komai ai mu ba mu da wani zaɓi, abin da aka rubuta wa mutum shi zai yi. Fasto ya fara ba shi amsa sai lokaci ya ƙure, ni kuwa maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Ɗan'uwa, ka duba yadda aka rubuta Littafi Mai Tsarki ɗin kansa mana. 2 Timoti 3:16 ta ce kowane nassi hurarre ne daga Allah, na gaskata da wannan har cikin zuciyata. Amma a cikin wannan wasiƙar dai, sura 4 aya 13, Manzo Bulus yana roƙon Timoti ya taho masa da alkyabbarsa da ya bari a Taruwasa, da littattafansa, tsoho ne a kurkuku ga damina mai sanyi na tafe. A 1 Korantiyawa 1:16 ma cewa ya yi bai tuna ko ya yi wa wani baftisma bayan waɗanda ya ambata ba. Luka kuma tun farkon bishararsa ya faɗa wa Tiyofilas cewa sai da ya bi diddigin komai kafin ya rubuta, wato ya yi tambaya, ya auna, ya zaɓi abin da zai sa. Wasiƙar Romawa ba ma Bulus ne ya riƙe alƙalamin ba, Tartiyas ne, har ya saƙa tasa gaisuwar a 16:22. Wasiƙar Ibraniyawa kuwa babu sunan marubuci sam, malamin ikilisiya Orijen na Iskandariya tun ƙarni na 3 ya ce Allah kaɗai ya san wanda ya rubuta ta, kuma wannan bai taɓa girgiza bangaskiyata ba.

To in a wajen rubuta maganarsa ma Allah bai mayar da mutane injin buga takarda ba, ya bar su da hankalinsu da mantuwarsu da jin sanyinsu kuma nufinsa ya cika daidai, don me ni zai ƙwace min zaɓi a kan ko in yi ƙarya ko in faɗi gaskiya?

Na san za a ce Fir'auna fa. E, Fitowa 9:12 ta ce Ubangiji ya taurare zuciyarsa, amma 8:15 da 8:32 sun riga sun ce Fir'auna ne ya taurare ta da kansa. Manyan malamai sun sha fama a nan, Irasmus malamin Katolika ya yi rubutu yana kare 'yancin zaɓi a 1524, Martin Luta jagoran Furotesta ya mayar masa da zafi a 1525, har yau ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne mutum ya ci kuɗin baikon ikilisiya ko ya lakaɗa wa matarsa duka, a kira shi gaban dattawa ya sunkuyar da kai ya ce haka Allah ya ƙaddara, ita kuma matar tana zaune a gefe da kumburarriyar fuska ana ce mata ta yi haƙuri. Wannan ɗora wa Allah laifi ne fa.

Don Allah ku sake kawo batun, ku ba shi awa guda cur, ku gayyato fastoci biyu masu ra'ayi daban su buɗe mana Filibiyawa 2:12-13, a kuma bar layi a buɗe wa wancan ɗan'uwan.

Naka mai sauraro kullum,
daga Wusasa, Zariya.