Amsa ga Matashin da Ya Tambaye Ni a Rediyo: Rufin Benenmu na Wane ne?

Ɗana, assalamu alaikum.

Ranar da aka gayyace ni shirin rediyo kan tsofaffin gidajen ma'aikata na Garki, kai ne ka bugo waya a ƙarshe, lokaci kuma ya ƙure kafin in ce uffan. Ka ce: "Hajiya, ba sayar muku da gidajen nan aka yi ba? Wanda ya sayi riga ai shi ke ɗinke ta in ta yage. Don me gwamnati za ta gyara muku, alhali mu ko ɗaki ɗaya ba mu da shi?" Na ji zafin da ke muryarka, ban kuma ga laifinka ba.

Gaskiyarka ce, an sayar mana. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta daina bai wa ma'aikata gida, ta mayar da abin kuɗi a cikin albashi. Daga 2005, lokacin Nasir El-Rufai na ministan Abuja, aka fara sayar da gidajen, aka ba mu da ke ciki damar fara saya. Filin da na gada a garinmu na sayar na biya kason farko, ragowar kuma bashin banki ne da na yi shekaru ina biya. Saboda haka ba na neman kowa ya yi mini fenti ko ya sauya mini ƙofa. Wannan nawa ne, kuma ina yi daidai ƙarfin fanshona.

Amma abin da na saya ya tsaya ne a bakin ƙofata. Rufin da ke kan benen fa? Matakala? Bututun da ke ɗauko ƙazantar bayan gida tun daga sama har ƙasa? Waɗannan na kowa ne, kuma ka san abin kowa ba mai shi.

Bari in nuna maka yadda abin yake a benenmu. Ni a hawa na sama nake. Da watan Agusta ya kama, robobi uku nake jerawa a ɗakin jikokina, silin ya yi baƙi ya kumbura kamar gurasa, ƙaramar cikinsu kuma ba ta rabuwa da tari sai damina ta wuce. Maƙwabcina na ƙasa ruwan sama bai dame shi ba, shi masifarsa daga ƙasa take: in bututu ya toshe, a banɗakinsa komai ke dawowa, matarsa ta kwana tana kwasa. Na hawan tsakiya kuwa ba yoyo, ba wari. In aka zo karo-karo sai ya ce shi bai ga abin da ya lalace ba. Kuma wallahi bai yi ƙarya ba, bai gani ba.

Ƙari a kan haka, da yawa daga waɗanda suka saya sun yi ritaya sun koma gida, sun zuba 'yan haya. Mai gida yana Kaduna ko Inugu, abin da ya sani kuɗin shekara ya shigo. Ɗan haya ya ce ba gidan ubansa ba ne. Kai ma da kake haya, ɗana, na tabbata ka san wannan maganar, wataƙila ma ka taɓa faɗinta. Na kai takarda wani ofishi har sau biyu, aka ce mini ai an sayar, ba ruwansu. Sai ga shi kamar jifan gafiyar Ɓaidu, kowa ya tura wa wani.

To ga abin da nake nema. A yi doka da za ta tilasta wa duk mai mallaka a bene ɗaya ya riƙa zuba kuɗi a asusun gyara, ko yana zaune a ciki ko ya ba da haya. A kuma fayyace mafi ƙarancin abin da ake kira gida: rufi ba ya yoyo, ruwan famfo na hawa, bayan gida na tafiya, wayar wuta ba a tsirara ba. Da muna yara duba-gari har cikin randa yake leƙawa, uwayenmu na jin an ce ya shigo unguwa sai shara ta tashi. Yau wa ke hawa bene ya duba?

Sai batun kuɗi. Tun 1992 da aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa ake cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikacin gwamnati, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Yana ba da rancen gyaran gida, amma ga mutum ɗaya-ɗaya. Rufin bene kuwa ba a gyara shi gutsure-gutsure, balle a 2024 da buhun siminti ya haura naira 10,000. A ba wa bene rance a dunƙule, mu raba biya. Wani abin kuma, wasu tsofaffin rufin na asbesto ne, ƙurarsa na lalata huhu in an farfasa shi. Wannan ba aikin da za a bar wa kafinta da guduma ba ne, dole hukuma ta sa ido.

Na ga an kafa harsashin sababbin gidajen gwamnati a Karsana, nan Abuja, a 2024, kuma ina maka fatan ka samu ɗaya, Allah Ya sa. Sai dai ka tambaya tun kafin ka karɓi makulli: bayan shekara ashirin, wa zai gyara rufin? Namu ma da aka kawo mu daga Legas a 1991 ƙyalli suke yi, har hoto muka ɗauka a gabansu muka aika gida.

In kana da sarari, ka zo taron mazauna benenmu ranar Asabar bayan la'asar. Ka fara tsayawa wurin na ƙasa, sannan ka hawo wurina. Ka dai riƙe bango a matakala ta biyu, ƙarfen dafawar ya cire tun bara.

Taka uwa,
wata tsohuwar sakatariya, Garki, Abuja